Faifan Harajin Thurman Gaskins

"Ni ne Thurman Gaskins. Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙa a garin nan, ban taɓa kai takardar wani gidan wani ba. To yanzu na juyo kan haraji. Ku ba ni wata uku kawai. In gwamnatin jiha ba ta aiko tana roƙona in sassauta mata ba, ku canza mini suna."

Haka ya faɗa, a tsaye, wata Laraba cikin Janairu, a zauren cin abinci na cocinmu, cinyar kaza a hannun dama, wani faifai a hannun hagu. Ni Purvis Ladson ina zaune daidai saitinsa, har ɓurɓushin kazar na zubo mini a shayi. Maganarsa ta farko dai ƙarya ce tsagwaronta, don shekara shida na yi ina karɓar takardun asibitin maƙwabcina, har na fi matarsa sanin halin da ƙodarsa ke ciki. Amma a garinmu na Hadley Ferry ba a katse Thurman, domin in ka katse shi daga farko zai sako.

Bari in gaya maka abin da yake nema, kar ka ɗauka tausayin tsofaffi ne ya kama shi. Kujerar ma'ajin coci yake so. Mama Lurleen Pruitt ce ke riƙe da ita shekara arba'in, da fensir da wani littafi mai baƙin bango, kuma ta sanar cewa a taron watan Agusta za ta sauka, idonta ya gaji. Shi kuwa Thurman babu kujerar da bai nema ba a cocin nan. Ya nemi kujerar dattijon coci sau uku, ya nemi shugaban kwamitin maƙabarta, har shugabancin masu jera motoci ranar Lahadi ya nema. Bai taɓa wuce ƙuri'a huɗu ba, kuma ko ta matarsa Odessa ana tababa a kanta. Wannan karon ya ƙudura sai ya sayi zukatanmu, kuma da kuɗin gwamnati zai saya.

Faifan nan manhajar lissafin haraji ce, ya saye ta dala arba'in ranar da aka fara jera ta a kanti. Washegari ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta daga gida, mai ƙeya kamar tanda, ya girke ta a kan teburin da muke jera kek. Fasto Ezell ya ce a jona masa intanet ɗin ofis, Thurman ya yi tsalle ya tare.

"Allah ya sawwaƙe, Fasto. Intanet ce ta kashe wasiƙa. Abin da ya kashe sana'ata ba zai shiga kwamfutata ba. Ni bugawa zan yi a takarda, in sa a ambulan, in manna kan sarki, kamar yadda mutanen kirki ke yi."

Ka san mu a jihar Karolina ta Kudu, a nan Amurka, in mutum ya cika sittin da biyar, jiha na ɗauke masa haraji a kan dala dubu goma na fanshonsa. Akwai kuma rangwamen tsufa na dubu goma sha biyar. Sai dai ba a haɗa biyun a cinye, abin da ka ci a na farko shi ake cirewa daga na biyu, iyakarka dai sha biyar ɗin nan. Duk tsohon da ke garin ya san haka, har da ni, tsohon direban motar 'yan makaranta.

Ni ne na fara miƙa wuya, ba don na yarda da shi ba, sai don kyauta ne. Ya zauna ya gyara tabarau, yana danna madannan da yatsa ɗaya kamar mai kashe tururuwa. Bayan awa guda ya jingina, ya juyo mini da fuskar kwamfutar.

"Karanta da ƙarfi, Purvis, mutane su ji."

"Wai jiha za ta maido mini dala ɗari biyar da tamanin."

"Bara nawa suka maido maka?"

"Ko sisi."

"To ka ji. Shekara nawa suna tatsar ka, kai kuma ka saki baki kana kallo."

Na duba takardar, na ga an ba ni dubu goma, an kuma ba ni dubu sha biyar ɗin gaba ɗaya, ba a cire komai ba. Na sani sarai ba haka ake yi ba. Amma ka taɓa ganin ɗari biyar da tamanin a rubuce kusa da sunanka? Nan take na ji a raina cewa lallai doka ta canza, ni ne ban ji ba. Kwaɗayi ne, ba zan ɓoye maka ba, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Mama Lurleen ta dogaro sandarta ta zo ta leƙa ta bayan kafaɗata. Ta zaro fensir daga bayan kunne, ta ja layi a gefen takardar.

"Thurman, na'urarka ta ba shi rangwame biyu. Ba a cire na farko daga na biyu ba."

"Mama, da girmanki da komai, wannan faifan mutum ɗari ne suka haɗa shi, kowanne da digiri. Ke da me kika zo?"

"Da fensir."

"To ki mayar da shi bayan kunne, zamaninsa ya wuce. Ƙofa ce gwamnati ta manta ba ta kulle ba, ni kuma na gano ta. Masu wayo sun daɗe suna shiga, mu talakawa ne aka bari a waje."

"Ƙofar gidan yari ma a buɗe take ga mai shiga," in ji ta, ta koma ta ci gaba da cin wakenta.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Tsofaffin malaman makaranta, tsofaffin ma'aikatan masaƙa, matan da mazansu suka mutu suka bar musu fansho, kowa ya zo da takardunsa a kwalin takalmi. Thurman ya ce ba ya karɓar kuɗi, aikin Allah ne, amma bai ce ba ya karɓar kek ba. Kek ɗin dankali, soyayyar kaza, dafaffiyar gyaɗa buhu-buhu, har da cinyar alade guda. Cikin wata biyu ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa. Odessa takan zo ta kwashi kwanonin ta kai mota, wani lokaci kuma ta tsaya ta daɗe tana kallon rufin zauren.

Ita kuwa kwamfutar ba ta yi shiru ba. Duk sa'ad da ya kunna ta sai wani jan rubutu ya fito a kusurwa, wai a jona ta da intanet a sabunta manhajar kafin a aika komai. Na nuna masa.

"Tarko ne," ya ce, yana rage murya. "Sun ji labarin abin da nake yi. In na jona, su kulle ƙofar ta can, su kuma kwashi sunayenku."

Ya yanko ƙyallen filasta ya liƙe kusurwar, shi ke nan jan rubutu ya daina damun kowa.

Cikin Fabrairu kuma wata wasiƙa ta zo masa daga kamfanin da ya yi faifan, don ya cike katinsu ya aika musu ta gidan waya ranar da ya saya. Ya zo da ita zauren bai buɗe ba, ya ɗaga ta sama, domin ya ba mu darasi.

"Ku matso ku koyi ilimi. Kun ga nan? Babu kan sarki na gaske, hatimin jimla ne, irin wanda ake biya a kan buhu. Kun ga takardar? Mai araha. Ku ji nauyinta, falle ɗaya. Ni ba na buɗe wasiƙa in san abin da ke ciki, shinshinawa kawai nake yi. Wannan talla ce, so suke in sayi wani faifan."

Ya cilla ta kwandon shara daga nesa, ta faɗa ciki daidai, muka tafa masa. Har da ni a masu tafin.

Gida ashirin da uku ya yi wa. Ranar kaiwa gidan waya ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya rataya jakar fata, ya taka da ƙafa tun daga coci, yana ɗaga wa motoci hannu. A gidan wayar ma sai da ya koya wa matar da ke kan kanta yadda ake buga hatimi.

Kuma ka ji abin haushi, cikin Mayu kuɗin suka zo. Jiha ta biya kowa, wani ɗari uku, wani ɗari shida, masu mata har dubu da wani abu. Ni na sayi injin kwale-kwale. Geneva Tisdale, wadda mijinta ya bar mata fanshon masaƙa, ta je ta sa sababbin haƙora, ta dawo tana yi wa har karnuka murmushi. Thurman kuwa kansa ya kumbura har hular ta daina shiga. Ya daina cewa "in na zama ma'aji", ya koma "da na karɓi littafin". Ya ba da aikin wani allon tagulla mai sunansa da kalmar Ma'aji a ƙasa, ya riƙa yawo da shi a aljihu yana gogewa da hankici. A gaskiya da a watan nan aka yi zaɓe, da ya cinye, ko Fasto sai da ya ambaci sunansa a wa'azi.

Ranar wata Talata cikin Yuli muna zaune ni da shi a barandata muna ɓare gyaɗa, sai motar wasiƙa ta tsaya. Yarinyar da ta gaje shi, Shonda, ta miƙo wata ambulan mai taga. Tun tana hannunta na ga Thurman ya daina ɓare gyaɗa ya ƙura mata ido. A nan dai iliminsa bai ci amanarsa ba.

"Ta ofishin harajin jiha ce," ya ce a hankali. "Falle uku."

"Godiya suka aiko?"

"Ba a godiya da falle uku."

Na buɗe. Sun ce in maido ɗari biyar da tamanin ɗinsu, da tara da kuɗin ruwa dala saba'in da ɗaya, cikin kwana talatin. Shonda ta leƙo ta tagar mota.

"Baba Thurman, yau irin wannan guda ashirin da uku na ɗauko. Duk 'yan cocinku ne. Biki ake yi?"

Laraba da yamma zauren ya cika ya batse, kowa da ambulan a hannu, ba wanda ya kawo kek. Thurman ya hau kan kujera.

"Ku kwantar da hankalinku. Kuskuren jiha ne. Wani ɗan koyo ne aka ba lissafi. Gobe ƙarfe tara ku zo, a gabanku zan kira su, ku ji yadda ake magana da gwamnati."

Muka zo. Ya ƙure muryar wayar kowa na ji. Minti arba'in muna sauraron kiɗa, sannan wata mata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Baiwar Allah, da Thurman Gaskins kike magana, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya. Ki ba ni shugabanki."

"Ranka ya daɗe, me ya faru?"

Ya kwashe ya gaya mata, da ƙari. Ta saurara har ya gama.

"Ranka ya daɗe, an ba su rangwamen fansho, an kuma ba su na tsufa ba a cire na farkon ba. Akwai wata manhaja da ta yi wannan kuskuren a farkon shekara, amma mun ji sun gyara tun tuni. Wa ya cike wa bayin Allahn nan takardunsu? Ko wane ne, bai kyauta musu ba."

"Wani ne," in ji Thurman, ya kashe wayar.

Kowa ya juyo yana kallonsa. Gumi ya karyo masa, amma bakin bai mutu ba.

"Kun ji da kunnenku, laifin kamfani ne. A bayan kwalin sun rubuta in lissafinsu ya jawo tara, su za su biya. Yau sai sun san sun taɓo ɗan gidan waya."

Ya kira kamfanin. Wani saurayi ya ɗauka, mai ladabi kamar mai neman aure.

"Gaskiya ne, yallaɓai, faifan farko ya fito da wannan matsalar a shafin jiharku, muna ba da haƙuri. Mun gyara ranar uku ga Fabrairu. Duk wanda ya jona kwamfutarsa, gyaran ya shiga da kansa."

"Wanda bai jona ba fa?"

"Jan rubutu yana fitowa a kusurwa."

Ido arba'in da wani abu suka juya kan filastar.

"Ni ban ga wani rubutu ba. Kuma ya kamata ku sanar da mutum a rubuce, kamar yadda doka ta ce."

"Mun aika maka wasiƙa, yallaɓai, ga shi nan a gabana, sha ɗaya ga Fabrairu. Falle ɗaya ce. Wataƙila mai raba muku wasiƙa ne bai iya aikinsa ba."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, wani ya ce masa ya yi shiru, ba abin dariya ba ne.

"To batun biyan tarar fa?"

"Sai wanda ya sabunta, yallaɓai. Kuma faifan na gida ɗaya ne. Gida nawa ka yi wa?"

Thurman ya ce layin ba ya da kyau, ya ajiye.

Geneva Tisdale ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, sai dai haƙoran na ƙara idan ta yi magana, don ba su gama zama ba.

"Ɗan'uwa Thurman, ɗari shida da goma suke nema a wurina. Kuɗin suna bakina. In zare in sa musu a ambulan?"

"'Yar'uwa Geneva, duk jirgi ɗaya ya ɗauko mu. Ni ma nawa haka na yi shi, da faifan nan, da hannun nan."

"To nuna mana taka wasiƙar."

Ya laluba aljihu, babu komai sai allon tagulla.

"Tana hanya," ya ce.

Kai dai bari. Ban taɓa ganin mutum na addu'ar a ci shi tara ba sai Thurman. Kullum tun ƙarfe goma yana tsaye a jikin akwatin wasiƙarsa cikin zafin Yuli, hula a hannu. Shonda ta zo ta ba shi takardar wuta da tallan katifa, ya ce ta sake dubawa. Ya zarge ta da kai wasiƙarsa gidan wani, ta ce ita ba a wurinsa ta koyi aiki ba. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku, shiru. Gida ashirin da uku an cafke, gidan wanda ya yi aikin ne kaɗai aka tsallake.

Ka san mutane. Aka fara cewa ashe ya sani, nasa ya yi shi daidai, namu ya lalata don ya ci kek ya ci zaɓe. Wasu suka ce kamfanin ne ke ba shi kamasho. Aka daina gaishe shi a kanti. Geneva ta ce surukinta ɗan sanda ne, kuma ya ce mata abin yana da suna a littafin doka. Ni kaina na fara yarda, duk da wani sashe na zuciyata na ce mini Thurman bai kai nan ba.

Taron Agusta ya zo. Mutum arba'in da bakwai, ban taɓa ganin cika irin wannan ba ko ranar Ista. Fasto Ezell ya ce kafin zaɓen ma'aji akwai magana a kan Ɗan'uwa Thurman, ko a cire sunansa daga ikilisiya a miƙa batun ga hukuma. Thurman ya miƙe, ya rame, bel ɗin ya koma hudarsa ta dā.

"Allah shaida, yadda na yi naku haka na yi nawa. Ni na sa shi a akwatin ƙofar gidana, ni na ɗaga jar tutar da ke jikin akwatin, alamar akwai wasiƙar fita, don mai wasiƙa ta ɗauka."

"To me ya sa jiha ta ƙyale ka?" in ji Geneva.

Ya buɗe baki ke nan zai kawo wata hujja. Sai Odessa ta miƙe daga layin baya, ɗauke da wani gwangwanin biskit babba. Ta zo ta ajiye shi a kan tebur ta buɗe. Ambulan ne cike, kowacce da rubutun Thurman, babu wadda aka buga wa hatimi.

"Fasto, ku yi mini aikin gafara, ban so a kai nan ba. Ga takardarsa ta bana, ga ta bara, ga sauran. Goma sha tara ne. Duk shekara in ya ɗaga tutar ya shiga wanka, sai in fita in cire."

"Odessa," in ji Thurman.

"Zauna, Thurman. Tun shekarar da ya rubuta kwale-kwalen kamun kifinsa a matsayin ofis na fara. Sai in kwashi takardunmu in kai wa Mama Lurleen ta yi mana da fensir, in ba ta kwalbar zuma."

"Wa ke sa hannu a madadinsa?" in ji Fasto.

"Shi da kansa. Ranar da ake nuna tseren motoci a talabijin nake ajiye masa kusa da kwanon gyaɗa in ce sa hannu nan. Bai taɓa tambaya ba. Ko takardar sayar da gidan ce zai sa."

Mama Lurleen ta gyaɗa kai. "Zumar tana da kyau."

Thurman ya zabura. "Ƙarya ce. Sharri ne. Ni da nake riƙe da lissafin gidana tun ranar aure."

Fasto ya cire tabarau ya goge. "Ɗan'uwa Thurman, ka yi tunani kafin ka ƙara. In ƙarya take yi, to takardarka ce ta je jiha kuma daidai take, ke nan ka san gaskiya ka cuci gida ashirin da uku. In gaskiya take faɗi, to ba ka san komai ba, kuma ba ka taɓa sani ba. Wanne ne?"

Na ga yadda abin ke juyawa a fuskarsa. Ya dubi Geneva, ya dubi ƙofa inda surukin nata ke tsaye da hular aiki a hannu, ya dubi gwangwanin. Sai ya nuna shi da yatsa.

"A buɗe ambulan ɗin," ya ce. "A buɗe duka. Mama Lurleen, karanta musu."

Ta zaro fensir ta farke ta farko. "Bana. Rangwame biyu, shi da matarsa, dubu hamsin."

"Kun ji ko? Har na fi ku cutuwa."

"Shekara huɗu da suka wuce. Ya haɗa bakwai da takwas ya samu sha uku."

"Kun ji? Mai wayo zai yi wannan?"

"Wannan kuma takardar jihar Karolina ta Arewa ya cike."

"Ta Arewa, jama'a. Ni da ban taɓa kwana can ba. Ci gaba, Mama, akwai wadda ta fi wannan, nemo ta shekarar ambaliya."

Ya dawo da ƙarfinsa gaba ɗaya. Yana zagaya zauren yana nuna mutane da yatsa, yana kafa hujja, kamar yadda yake yi a kan komai. Ya tuna musu filastar, ya tuna musu wasiƙar da ya shinshina, ya kira ni shaida a kan ƙodar maƙwabcina. Ya ce a duk gundumar nan a kawo masa mutum ɗaya da zai iya shekara goma sha tara yana aika takarda ba ta zuwa, bai lura ba. Geneva ta yi dariya har sai da ta tare bakinta da hannu kar kuɗin jiha su faɗo.

Odessa ta ce kowa ya mayar da abin da ya ci, tarar da kuɗin ruwan kuwa gidansu zai biya, za ta sayar da kwale-kwalen nan, wato ofishin Thurman, da injinsa. Fasto ya buga tebur.

"To a rubuta a littafin taro. Wanda ya gamsu cewa Ɗan'uwa Thurman ba macuci ba ne, wauta ce kawai tsantsa, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi kamar masara. Na farkon tashi nasa ne. Fasto ya ƙirga sau biyu, arba'in da bakwai, babu wanda ya ƙi, babu wanda ya yi rowar hannu.

Daga nan aka shiga zaɓen ma'aji, bai ɗauki minti biyar ba. Mama Lurleen ta ce ita dai macen da ta iya riƙe asiri da gwangwani shekara goma sha tara za ta ba littafinta. Aka kaɗa ƙuri'a, Odessa ta samu arba'in da ɗaya. Sunan Thurman ko ambatarsa ba a yi ba. Raina ya ɗan sosu, don na ga lokacin da ya zaro allon tagullar ya tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa.

A wurin ajiye motoci na same shi yana jiran Odessa ta gama karɓar makullai. Na dafa kafaɗarsa, ina neman abin da zan ce in rarrashe shi. Ya waiga hagu da dama, ya matso kusa da kunnena, idonsa na ƙyalli.

"Purvis, ka dai ƙirga da kanka. Ita arba'in da ɗaya ta samu. Ni arba'in da bakwai, ba hamayya."